Itace ma akwai namiji da mace: Abin da ganyen danya, goruba da dabino ke nunawa a Damargu

A ƙarshen rani, lokacin da manoman Belbeji da Tanut ke sharar gona, akwai hukuncin da ake yanke wa wasu itatuwa cikin kalma uku: ba ta haihuwa. Danyar da ta shekara 20 a tsakiyar gona ba a taɓa tsintar ɗa ko guda a gindinta ba, ita ce ta farko da ake tunawa idan ana neman icen turmi ko na akushi, ko kuma idan makamashi ya yanke a gida.

Sai dai a wajen masana tsirrai, yawancin irin waɗannan itatuwa lafiyarsu ƙalau. Maza ne. Aikinsu shi ne fitar da garin furen da ke barbarar na matan, kuma idan suka ƙare a wani yanki, danyar da ake ji da ita saboda 'ya'yanta ita ma za ta rage haihuwa ko ta daina.

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama cikin shekaru 50 da suka wuce ya nuna bambancin bai tsaya ga fure da 'ya'ya ba. Yana kaiwa har cikin ganye: yadda yake shan iska, yadda yake sakin ruwa, da yawan ɗaci ko baurin da ke cikinsa. A yanki kamar Damargu, inda ruwan sama ke tsakanin milimita 200 zuwa 350 a yawancin shekaru, kuma ganyen itace ne ke riƙe dabbobi kafin ciyawa ta fito, wannan magana ce ta cimaka da kuɗin shiga.

Namijin goro ba mijin goro ba ne

Bahaushe ya daɗe yana kiran wasu tsirrai da "namiji", amma da wata manufa dabam. Namijin goro ba shi ne mijin goro ba; itace ne mai zaman kansa, danginsu ma ba ɗaya ba. Haka namijin kaɗe da namijin zaƙi-banza. A irin wannan suna, ana nufin tsiron da ya yi kama da wani amma ya fi shi ɗaci, ko ƙaya, ko tauri. Abin mamaki, shi kansa icen namijin goro yana cikin masu jinsi biyu: akwai namijinsa, akwai macensa.

Nahawu ma yana ƙara rikita lissafin. Giginya, goruba, danya, kanya da gwanda duk "ita" ake ce musu, ko da kuwa wadda ake magana a kai namiji ce. Dabino, dashi da kalgo kuma "shi" ne, ko da shi ne ke ɗauke da 'ya'yan.

A ilimin tsirrai, tsarin ya kasu gida uku. Mafi yawan tsirrai suna da sashen namiji da na mace a cikin fure ɗaya. A nan ne gawo, aduwa, magarya, bagaruwa da anza suke, shi ya sa kowanne daga cikinsu ke iya yin 'ya'ya idan ya girma. Kashi na biyu su ne irin masara: furen namiji a ƙololuwa, na mace kuma a jikin kara inda gemu ke fitowa, duk a tsiro ɗaya. Kashi na uku su ne waɗanda namiji ke tsayawa dabam, mace dabam. Ƙididdigar da masaniyar tsirrai Susanne Renner ta wallafa a 2014 ta nuna ba su wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na tsirrai masu fure a duniya ba.

Amma a cikin itatuwan ƙasashe masu zafi rabonsu ya fi haka nesa ba kusa ba. Wani nazari na 1975 a dajin Kosta Rika ya tarar kusan ɗaya cikin kowane nau'in itace biyar haka yake. A Sahel kuwa, jerin ya ƙunshi itatuwan da talaka ya fi dogara da su: goruba, giginya, dabino, danya, kanya, faru, kalgo da dashi.

Wahalar haihuwa na bayyana a ganye

Duk manomin gero ya san bununi, garin nan da ke bayyana a kan zangarniya kafin ta yi ido. Abin da namijin itace ke samarwa ke nan. Yana fitar da fure, iska ko ƙudan zuma su kwashi garin, cikin 'yan makonni ya gama aikinsa na shekara.

Ita kuwa macen, a lokacin ne nata aikin ke farawa. Za ta ɗauki watanni tana cika 'ya'ya da zaƙi, da mai, da ƙwallo mai tauri. A dajin Yasuni na ƙasar Ekwado, wani bincike da aka wallafa a 2007 kan itatuwa dangin gyaɗar ƙamshi ya auna abin da kowane jinsi ke kashewa wajen haihuwa, ya tarar na matan ya ninka na mazan fiye da sau 10. Ya kuma lura mazan kan fara fure tun suna ƙanana, matan kuwa sai sun ƙara girma.

Duk wannan abinci a ganye ake haɗa shi. A jikin kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan suka buɗe, iska na shiga, ganyen ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi sukari. Amma ta waɗannan ƙofofi ne kuma ruwan jikin itacen ke ficewa. Itacen da ya buɗe su sosai zai samu abinci da yawa ya yi asarar ruwa. Wanda ya tsuke su zai tsimi ruwa amma abincinsa ya ragu.

A nan ne jinsin biyu kan rabu. Masana biyu, Todd Dawson da James Ehleringer, sun wallafa sakamakon awon da suka yi wa wani itace a jihar Yuta ta Amurka a 1993. Sun tarar mazan na saurin rufe ƙofofin ganyensu da zarar ƙasa ta fara bushewa, matan kuwa suna barin nasu a buɗe, domin akwai 'ya'yan da ke jiran abinci. Sakamakon haka, matan sun fi yawa a bakin rafi, mazan kuma sun fi yawa a tudu. Tun a 1976 wani nazari da ya fito a mujallar Science ya riga ya lura da irin wannan rabo a tsirrai biyar na wannan yanki.

A ƙasashe masu zafi ma an ga alamar. A Monteberde ta Kosta Rika, an shafe shekaru ana bibiyar wani ƙaramin itace ɗan uwan piya. Rahoton da Nathaniel Wheelwright da Barry Logan suka fitar a 2004 ya ce macen da ta yi 'ya'ya da yawa a bana, ganyenta ba ya iya haɗa abinci sosai a baɗi, kuma a tsawon rayuwa matan ba sa girma da saurin mazan.

Akwai ma inda bambancin ke fitowa fili. A kudancin Afirka ta Kudu, a wasu tsirrai da ake kira Leucadendron, ganyen namiji ƙanana ne sosai idan aka gwada da na mace, har mai kallo ya ɗauka iri biyu ne. Amma irin wannan ba shi da yawa. A mafi yawan itatuwa, sai an auna ganye masu yawa da na'ura kafin bambancin ya bayyana, kuma abin da aka samu a wani nau'in ba lalle ya zama haka a wani ba. Saboda haka faɗin ganye, ko launinsa, ko yawan ƙayar ɗan dabino ba abin dogaro ba ne wajen gane jinsinsa. Hujja tabbatacciya ita ce fure, ko gwajin ƙwayoyin gado.

Wanne raƙumi ya fi so?

Ganye ba ya gudu, don haka da sinadari yake kare kansa. Baurin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi, yana cikin ganyen itatuwa da yawa, kuma idan ya yi yawa yakan hana dabba narkar da abin gina jikin da ke cikin ganyen.

A 2005, masu bincike biyu, Tatiana Cornelissen da Peter Stiling, sun tattara sakamakon nazarce-nazarce masu yawa, suka ce a jimlace ƙwari da dabbobi sun fi cin mazan tsirrai, kuma mazan sun fi saurin girma amma sinadaran kariyarsu ba su kai na matan ba. Bayanin da aka bayar shi ne, mace da za ta daɗe tana renon 'ya'ya ba za ta iya asarar ganye ba, don haka ta fi tsare shi. Wani sabon lissafi da aka wallafa a 2022 ya nuna abin bai zama doka a kowane tsiro ba. Ya danganta da nau'i da wuri.

Ko da an ajiye batun ɗanɗano, akwai abin da ya shafi makiyayi kai tsaye. A Damargu, daga watan Afrilu zuwa saukar damina, ana sassabo rassan itatuwa a ba dabbobi. Danya da dashi suna cikin masu fitar da sabon ganye kafin ciyawa ta kankama. A daidai wannan lokaci ne kuma macen danya ke ɗauke da 'ya'yan da ke nuna. Reshen da aka saro daga namiji, ganye kaɗai aka rasa, idan ya riga ya gama fure. Wanda aka saro daga mace, an rasa ganyen, an rasa 'ya'yan bana, an kuma rage mata ƙarfin na baɗi.

Fari ba ya yi wa jinsin biyu adalci

Damargu ta taɓa zama rumbun geron da ayarin Abzin ke awo a cikinsa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya kashe dabbobi da itatuwa masu yawa a faɗin arewacin Sahel, kuma dashi da danya suna cikin waɗanda suka ji jiki. Gundumar Belbeji, wadda aka cire daga Tanut a 2011, tana kan gaɓar da noma ke ƙarewa kiwo ya ɗauka, gaɓar da dokar 1961 ta shata.

A 2016, Kevin Hultine da abokan aikinsa sun wallafa wani gargaɗi a mujallar Nature Plants. Bayan sun duba binciken da aka yi kan tsirrai masu jinsi biyu, sun ce idan wuri ya ƙara bushewa, mazan sun fi jurewa, kuma ana iya wayar gari maza sun rinjayi mata sosai a wurare da yawa. Daji irin wannan daga nesa kore ne, amma iri ya yi ƙaranci a cikinsa, ƙananan da za su gaji manyan ba sa fitowa.

Gatari kuma yana jan igiyar ta ɗaya ɓangaren. A arewacin Namibiya, inda danya ke da daraja sosai, wani bincike na 2003 ya tarar a wasu gonaki matan sun fi yawa cikin manyan itatuwa, abin da aka danganta da sare mazan da ake yi. Danya kuwa ƙwari ne ke barbararta, musamman ƙudan zuma, kuma akwai iyakar nisan da za su iya ɗaukar garin fure.

Abin da ake iya rasawa ba ƙarami ba ne. 'Ya'yan danya sun fi lemun zaƙi sinadarin bitamin C, ƙwallonta kuma yana da man da kamfanonin kayan shafa ke saye a kudancin Afirka. A nan gida, Gidauniyar Eden ta buɗe tashar gwaji a Dalli, kusa da Tanut, a ƙarshen shekarun 1980, tana raba wa manoma irin itatuwan gida masu 'ya'yan ci domin su shuka kai tsaye a gona. A birnin Damagaram kuma, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sayen 'ya'yan itatuwan daji, ciki har da danya da goruba, daga hannun matan karkara yana sarrafa su.

Dabino: inda kuɗin 'yan ci-rani ke shiga

Babu itacen da ɗan Adam ya fi daɗewa da sanin jinsinsa kamar dabino. Mutanen tsohuwar Iraƙi suna barbararsa da hannu tun dubban shekaru, kuma akwai hadisi sananne a Sahihu Muslim da ya ambaci mutanen Madina suna wannan aiki. Turai ba ta tabbatar da jinsin tsirrai ta hanyar gwaji ba sai a 1694, a hannun wani Bajamushe mai suna Camerarius.

Duk da haka, har yau ana tafka asara a kansa. Matasa da yawa da ke aiki a Libiya, Aljeriya ko Najeriya suna turo kuɗi gida a haƙa rijiya, a sa famfo mai aiki da hasken rana, a kafa garka. Wanda ya ci dabino mai daɗi ya ajiye ƙwallon ya shuka, lissafin da ke jiransa shi ne: kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, kuma ba zai sani ba sai sun yi fure, bayan shekara 4 zuwa 8 ana ba su ruwa. Ko matan da suka fito, ba lalle 'ya'yansu su yi daɗin wanda aka ci ba, domin rabin gadonsu na uban da ba a sani ba ne.

Garkar dabino ba ta buƙatar maza da yawa. Idan da hannu ake barbara, namiji ɗaya mai kyau yana isar mata kusan 50. Shi ya sa manoman Ingal, Timiya da Bilma suka fi dogara da 'ya'yan gindi, wato tohon da ke fitowa a jikin uwar. Wanda aka ciro daga mace, mace ne, kuma irin 'ya'yanta zai yi. Haka ma dashen da ake renowa a ɗakin gwaji.

Kimiyya ta buɗe wata ƙofar. A 2011, masu bincike a kwalejin likitanci ta Weill Cornell da ke Ƙatar sun karanta ƙwayoyin gadon dabino suka gano sashen da ke da alaƙa da jinsi. A 2013, wata tawaga da ta haɗa da masanan cibiyar IRD ta Faransa ta fitar da alamomin da ake samu a namiji kaɗai. Da ɗan yankin ganye, yanzu ana iya sanin jinsin dabino tun yana cikin leda. A 2014 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke tantance jinsi a wani itace ɗan uwan kanya.

Gwanda tata ta fi sauƙi, domin cikin 'yan watanni take fure. Namiji yana fitar da ƙananan furanni masu yawa a kan dogayen sanduna, mace kuma babban fure a manne da jiki, akwai kuma mata-maza. Masu garka kan shuka uku ko huɗu a rami ɗaya, idan sun yi fure a zaɓi wadda za a bari.

Kaba da azara

Matsalar goruba ta wata fuska ce. Kaba, wadda ake saƙa tabarma, faifai da igiya da ita, ganyen ƙaramar goruba ce. Idan ana yankar ganyen kowace shekara, dabbobi kuma suna bi, tsiron ba ya samun damar miƙewa ya zama itace. Masu binciken da suka yi aiki a kwarin Gulbin Kaba, a yankin Mayahi, sun bayyana hakan a 2008: kaba ta cika fili, amma manyan goruba suna tsufa babu magada. Kabar da ba ta yi tsawo ba ba ta fure, don haka ba wanda ya san ko namiji ce ko mace, kuma ba ƙodagon da zai faɗo ya tsiro.

Giginya ba ta cika yawa a Damargu ba, amma azararta na zuwa kasuwa. A nan sai abin ya juye: magina da masu sayar da azara sun fi son ta namiji, domin ana ganin ta fi nauyi da jure gara. A dazuzzukan giginya na Dallol Mauri da ke yankin Gaya, mace ce ke ba da 'ya'ya da muruci, namiji kuma shi gatari ke nema. Danya, goruba da giginya duk suna cikin itatuwan da dokar gandun daji ta Nijar ta ba kariya, amma dokar ba ta isa ta tsaya a gindin kowane itace ba.

Sau da yawa, rabon amfanin ma yana bin jinsin mutane. Tsintar 'ya'ya da saƙar kaba galibi sana'ar mata ce da yara, sassaƙa da sayar da ice kuma ta maza. Itacen da maigida ke gani a matsayin turmi biyu, mai yiwuwa shi ne ke barbarar danyar da uwargida ke samun kuɗin cefane da ita.

Kututture ba ya manta jinsinsa

Sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a ƙone shi, ya fara yaɗuwa daga jihar Maraɗi a 1983 da ƙoƙarin Tony Rinaudo da manoman yankin. An ƙiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara shi tare da amincewa da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena.

A wannan aiki, sanin jinsi yana da amfani ta hanyoyi da dama. Tohon da ya fito daga kututture yana ɗauke da jinsin tsohon itacen. Dattijon da ya tuna cewa danyar da ke kusurwar gabas ta gonar tana zubar da 'ya'ya kafin farin 1984, ya riga ya ba jikokinsa amsar da za su jira shekaru kafin su samu.

Haka ma reshe. Shingen dashi da ake kafawa da sanduna, idan daga itace ɗaya aka saro su, duk jinsi ɗaya ne. Danya ma tana kamawa idan aka dasa babban reshe, ana kuma iya yi mata aure kamar mangwaro, a ɗora reshen mace mai zaƙi a kan wani gindin.

Lokacin gane jinsin danya shi ne rani, sa'adda take fure babu ganye. Furen namiji yana fitowa a jere a kan ɗan dogon zare, na mace kuma ɗaya ɗaya ko biyu zuwa uku a bakin reshe. Wanda ya sa wa itatuwansa alama a wannan lokaci, ya san wanda zai sassaba wa dabbobi bayan fure, da wadda zai bari har ta zubar da 'ya'ya. Ba lalle kowace gona ta riƙe namiji ba, amma dole unguwa ta san inda mazanta suke, kada kowa ya sare nasa yana zaton na maƙwabci na nan.

Masu renon itatuwa a leda domin shirye-shiryen dashe, ciki har da na Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, su ma lissafin ya shafe su. Itatuwa 100 na danya ko dabino da aka reno daga iri, kusan 50 ne za su yi 'ya'ya. Idan aka gaya wa manomi haka tun ranar da aka miƙa masa ledar, ba zai ɗauki gatari ba idan shekara ta bakwai ta zo bai ga komai ba.